Daga filin jirgi zuwa masauki a Benis, birnin da mota ba ta shiga

Idan baƙo ya sauka a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina yana son zuwa Daura, ba ya buƙatar dogon tunani. Mota zai samu a bi da shi ta Mashi, tafiyar kimanin kilomita 80, kafin su gama hira da direba sun iso gari. In kayansa sun yi nauyi, ga mai Keke Napep ko ɗan acaɓa zai kai shi har ƙofar gidan da zai sauka, ko a Tudun Wada ne ko a Sabon Gari. Mun saba da haka, har muna zaton ko'ina a duniya haka abin yake.

To, akwai birnin da wannan lissafi ba ya aiki. Sunansa Benis, a arewa maso gabashin ƙasar Italiya. Mutanen garin Venezia suke kiransa, kuma haka za ku ga an rubuta a tikiti da allunan hanya. A cikin tsohon birnin babu mota, babu babur, ko keke ma an hana hawa. Titunansa ruwa ne. Wanda ya shafe yini guda a sama daga Najeriya ya sauka lafiya, yana iya shafe wasu awanni uku yana jan akwati yana neman otal ɗin da bai fi kilomita 13 daga filin jirgin ba. A wannan makon mun ɗauki taswira da biro don mu yi wannan 'yar gajeruwar tafiya tare da ku a kan takarda, mu ga abin da za ta koya mana.

Birnin da aka kafa a kan turaku

Benis tana zaune ne a tsakiyar wani makeken tafki mai ruwan gishiri wanda ya haɗe da tekun Adriyatik. An gina ta a kan ƙananan tsibirai 118, gadoji sama da 400 suka haɗa su. Waɗanda suka fara zama a wurin mutane ne da suka gudo daga yaƙe-yaƙe a ƙarni na 5 da na 6. Da suka ga ƙasar laka ce, sai suka riƙa kafa dogayen turakun itace a cikinta, dab da dab, su shimfiɗa katako da dutse a kai, sannan su ɗora gini. Itacen da ke binne cikin laka ba ya samun iska, shi ya sa bai ruɓe ba har yau.

Babban titin birnin shi ne Canal Grande, hanyar ruwa mai tsawon kusan kilomita 4 da ta ratsa garin tana lanƙwasa kamar maciji. Daga ita ne ƙananan lungunan ruwa suke rarrabuwa. Motar asibiti a Benis jirgin ruwa ce. Haka motar 'yan sanda, da ta kashe gobara, da ta kwasar shara. Gawa ma a jirgi ake kai ta maƙabarta, wadda ke wani tsibiri mai suna San Michele.

Har zuwa 1846 ba a shiga Benis sai ta ruwa. A shekarar ne aka buɗe gadar jirgin ƙasa. A 1933 aka ƙara gadar mota a gefenta, mai tsawon kusan kilomita 4, wadda yanzu ake kira Ponte della Libertà. Amma motar da ta haye gadar ba ta da inda za ta wuce. Akwai wani fili a bakin gari mai suna Piazzale Roma, nan ne kwalta ta ƙare. Daga nan sai ƙafa ko jirgi. Ku riƙe sunan wannan fili, za mu dawo kansa.

Kuskure biyu da ake yi tun daga gida

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Benis. Matafiyi zai tashi, misali daga Abuja, ya canza jirgi a Istambul ko a Frankfurt. Tun wajen sayen tikiti ya kamata ya buɗe ido, domin filayen jirgi biyu ne ake liƙa musu sunan Benis. Babban shi ne na Marco Polo, a bakin tafkin. An ba shi sunan wani falke ɗan garin da aka haifa a 1254, wanda ya yi fatauci har ƙasar Sin ya dawo gida a 1295. Na biyun yana garin Treviso, inda jiragen da ke da arha suka fi sauka, kuma daga can sai an yi tafiyar kusan awa guda a bas. Wanda ya ga tikiti mai rahusa ya yi wuf ya saya, zai biya cikon a hanya.

Kuskure na biyu wajen kama ɗaki ne. Otal-otal da yawa da ke rubuta Venezia a adireshinsu ba a kan ruwa suke ba. Suna Mestre, ɓangaren birnin da ke kan tudu, inda akwai motoci da tituna irin na kowane gari. Zama a Mestre ba laifi ba ne, ya ma fi sauƙin kuɗi, kuma jirgin ƙasa yana kai mutum tsohon birni cikin kimanin minti goma. Matsalar ita ce mutum ya rasa sanin a ina ɗakinsa yake. Tashoshin jirgin ƙasan ma biyu ne: Venezia Mestre a kan tudu, da Venezia Santa Lucia a bakin Canal Grande. Baƙi da dama sun ji an ce Venezia sun yi maza sun sauka, alhali da sauran gada a gabansu.

Saboda haka, kafin a bar gida, a rubuta wa otal a yi masa tambaya uku. Wace tashar jirgin ruwa ce ta fi kusa da ku? Minti nawa ne daga tashar zuwa ƙofarku a ƙafa? Gada nawa za a haura a tsakani? A rubuta amsoshin a takarda a sa a aljihu, domin waya tana iya mutuwa a lokacin da aka fi buƙatarta.

Hanyoyi uku, kowace da farashinta

Mu ƙaddara mun sauka a Marco Polo, jami'an shige da fice sun duba fasfo da biza, mun ɗauki jakunkunanmu. Hanya uku ce a gabanmu.

Ta farko ita ce bas. A ƙofar fita akwai bas na kamfanin ATVO da ke tafiya kai tsaye, da kuma bas mai lamba 5 na kamfanin ACTV da ke tsayawa a hanya. Dukansu suna haye doguwar gadar nan su ajiye mu a Piazzale Roma cikin minti 20 zuwa 30. Idan masaukinmu na kusa, sai mu taka. Idan yana can cikin gari, sai mu shiga jirgin haya da ake kira vaporetto, wanda shi ne bas ɗin 'yan garin. Wannan hanya ta fi dacewa da mai ƙaramar jaka da ƙaramin aljihu.

Ta biyu ita ce jirgin ruwa na haya na kamfanin Alilaguna. Daga ɗakin saukar fasinja za mu bi wata doguwar rumfa mai shimfiɗar da ke tafiya da kanta, kamar minti goma, mu isa tashar ruwa. Layukan kamfanin launi ne ke bambanta su, akwai shuɗi, akwai ruwan lemo, kowane da unguwannin da yake bi. Zuwa dandalin San Marco, zuciyar birnin, yakan ɗauki fiye da awa guda. Ribar wannan hanya ita ce ba a canza abin hawa, kuma ido yana shan kallo. Za mu ga turakun itace uku-uku a ɗaure, an jera su cikin ruwa. Tafkin ba shi da zurfi a mafi yawan wurare, don haka turakun ne ke nuna wa direba inda jirgi zai bi kada ya kafe a laka. Layin shuɗi yana tsayawa a tsibirin Murano, inda ake sana'ar gilashi tun 1291. Duwatsun ado na gilashi da aka ƙera a can sun daɗe suna shigowa kasuwannin Afirka ta Yamma ta hannun fatake.

Ta uku ita ce tasi ta ruwa, wani kwale-kwale mai inji da ake ɗaukar shata. Cikin kimanin rabin awa ta kai mu, kuma idan otal ɗin yana da ƙofa ta ɓangaren ruwa, a bakin ƙofar za ta sauke mu. Sai dai kuɗinta ya haura yuro 100. A tambayi farashi kafin a sa ƙafa, domin akan ƙara kuɗi saboda yawan mutane, ko yawan kaya, ko tafiyar dare. A kuma shiga wadda ke da lambar izini a jikinta, a tashar da aka tanada.

Wani zai tambaya, ina baƙin kwale-kwalen nan mai dogon baki da muke gani a finafinai? Sunansa gondola. A yau na yawon buɗe ido ne, ba a ɗaukarsa daga filin jirgi. Kamar dokin hawan Sallah yake: abin ado ne da alfahari, amma ba da shi ake zuwa kasuwar Mai'aduwa sayo hatsi ba.

Mu ɗan taɓa lissafi

Farashi yana canzawa, don haka a duba kafin a tafi. Amma a 'yan shekarun nan kuɗin bas daga filin jirgi yuro 10 ne, tikitin vaporetto na baƙo kuma yuro 9.50, yana aiki na minti 75. Mutum ɗaya ke nan zai kashe yuro 19.50. Mu ƙaddara direban tasi ta ruwa ya ce yuro 140 zai karɓa. Ga ɗalibi shi kaɗai, shiga tasi almubazzaranci ne, ya ninka kuɗin bas sau bakwai. To idan mu takwas ne, ɗalibai bakwai da malaminmu? A ninka 19.50 sau 8, ya ba mu yuro 156. Tasin da muke gudu ta zama ita ce mai arha, ga sauri, ga hutun ɗaukar kaya.

Kun ga ashe ba a cewa wannan hanya ta fi waccan sai an san mutum nawa ne, kaya nawa ne, ƙarfe nawa ne, kuma ina aka nufa. Ga wanda zai kwana biyu ko uku, tikitin yini ko na kwanaki ya fi sauƙi, kuma akwai katin rangwame na matasa 'yan ƙasa da shekara 30 mai suna Rolling Venice.

Ladubban shiga vaporetto

Tashar vaporetto wani ɗan ɗaki ne mai launin fari da rawaya da ke yawo a kan ruwa. Yana rangaji idan igiya ta bugo, har baƙo yakan zauna a ciki yana jiran a tashi, yana zaton ya riga ya shiga jirgi. Ɗakin jira ne kawai. Kafin a shiga, sai an kara tikiti a jikin wata 'yar na'ura ta yi ƙara. Wanda ya saya bai kara ba, idan mai duba tikiti ya kama shi, tara zai biya mai nauyi, kuma cewa "ni baƙo ne" ba ta fisshe shi.

Sai kuma a lura da inda jirgin ya dosa. Lamba ɗaya tana da mai zuwa da mai dawowa, kuma manyan tashoshi suna da mashiga da yawa, an sa musu A, B, C. Layi na 1 yana tsayawa kusan kowace tasha a Canal Grande, yana ɗaukar kamar minti 45 daga Piazzale Roma zuwa San Marco. Layi na 2 yana tsallake wasu, ya fi sauri. In dare ya yi nisa akwai layi mai harafin N. A bari masu sauka su sauka tukuna, a sauke jakar goyo daga baya, a ajiye kaya inda ma'aikacin jirgi ya nuna. Mu tuna cewa jirgin nan da shi 'yan garin ke zuwa aiki da makaranta da asibiti.

Adireshin da ba ya kai mutum gida

Mun sauka a tasharmu. A nan ne aikin yake. Benis ta kasu unguwa shida: San Marco, Castello, Cannaregio, Dorsoduro, San Polo da Santa Croce. Lambar gida ba ta bin titi, unguwa take bi. Ana fara ƙirga daga gida na 1 a yi ta zagaye lunguna har a kai dubbai, a Castello ma lambobin sun haura 6,000. Adireshi sai ya zama sunan unguwa da lamba kawai. Ku ɗauka a ce wa baƙo ya nemo "Sarkin Yara 3,000" a Daura ba tare da wani kwatance ba. Ƙari a kan haka, sunan lungu ɗaya yakan maimaitu a unguwanni daban-daban, kuma taswirar waya takan rikice saboda lungunan matsattsu ne, gine-ginen kuma dogaye. Lungu yakan kai mutum bakin ruwa ya tsaya cak, dole ya juyo.

Me 'yan garin suke yi? Abin da muke yi a gida: kwatance. Mu mukan ce bayan masallacin Juma'a, ko daura da fadar Sarki. Su kuma sukan ce kusa da coci kaza, bayan gada ta biyu. Sunayen lunguna a jikin bango ake rubuta su da baƙin fenti a kan fari. Kalma uku sun isa a fara da su: calle lungu ne, campo fili ne na unguwa, ponte kuma gada. Akwai alluna masu launin rawaya a kusurwoyi da ke nuna hanyar Rialto, da San Marco, da Ferrovia, wato tashar jirgin ƙasa. Idan duk sun gagara, a shiga shago a yi gaisuwa a nuna takardar nan ta aljihu. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ne za a gane amfanin tambaya ta uku. Kusan kowace gada a Benis matakala ce, a hau a sauka, domin a bar wa jirage wurin wucewa ta ƙasa. Akwati mai kilo 23 da ke gudu sumul a filin jirgi, a nan sai an ɗaga shi. Gada shida tsakanin tasha da otal na nufin ɗagawa shida da saukewa shida. Akwai 'yan dako masu amalanken hannu a Piazzale Roma da tashar jirgin ƙasa, amma ba kyauta suke yi ba. Mai hikima tun a gida yake rage kaya.

A tsakiyar kusan kowane campo za mu tarar da abin da zai sa ɗan Daura murmushi: bakin rijiya na dutse, an rufe shi da murfin ƙarfe. Garin da ke zaune cikin ruwa ya yi ɗaruruwan shekaru yana fama da ƙishirwa, domin ruwan gishiri ba ya shayuwa. Ruwan sama suke tarawa a ƙarƙashin filin, yashi ya tace shi, su ja da guga, har zuwa 1884 da aka jawo musu ruwan famfo daga tudu. Mu da tarihinmu ya ratsa ta rijiyar Kusugu, inda aka ce sai ranar Juma'a ake samun ɗiba, mun san darajar wannan murfi. Rijiyoyin kuma alama ce mai kyau ga mai neman hanya.

Ranar da teku ta cika

Akwai abu ɗaya da tikiti ba ya faɗa. Daga kaka zuwa hunturu, teku takan tumbatsa ta shigo gari. Suna kiran abin acqua alta. A ranar 4 ga Nuwamba 1966 ruwan ya kai santimita 194 sama da ma'aunin da suke amfani da shi, a ranar 12 ga Nuwamba 2019 kuma ya kai 187. Idan ruwa zai hau, ana busa jiniya, ma'aikata su jera dogayen bencina a manyan hanyoyi don mutane su taka. Wasu jirage ba sa iya wucewa ƙarƙashin gajerun gadoji, sai a canza musu hanya. Hazo mai kauri ma yakan tsayar da wasu layukan.

Don maganin wannan ne aka gina MOSE, ƙofofin ƙarfe 78 da ke kwance a ƙarƙashin ruwa a mashigai uku da suka haɗa tafkin da teku. Idan babbar ambaliya ta taso, sai a hura musu iska su miƙe su tare ta. An fara amfani da su a ranar 3 ga Oktoba 2020. Duk da haka, matafiyi ya duba hasashen ruwa kamar yadda manomi ke duban hadari.

Wata ambaliyar kuma ta mutane ce. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai kimanin 175,000. A 2022 sun koma ƙasa da 50,000, alhali miliyoyin baƙi ne ke shiga kowace shekara. Daga 25 ga Afrilu 2024 hukumar birnin ta fara karɓar yuro 5 a wasu ranaku daga masu shiga su fita a yini ɗaya. Wanda ya kama ɗaki a garin ba ya biya, amma ya nemi bayani daga otal ɗinsa kan shaidar da zai nuna.

Me ya shafi ɗalibin Daura?

Wataƙila wani ya ce, mu da ruwanmu bai wuce dam ɗin Sabke da na Daberam ba, ina ruwanmu da garin kwale-kwale? Amsar tana bakin garinmu. A watan Disamba 2019 marigayi tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, kuma tuni ta fara ɗaukar ɗalibai. A watan Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a nan, tambayar da ke gaban baƙon Benis za ta zo gabanmu. Tsohuwar da ta sauka da buhu biyu tana son zuwa Baure ko Zango ko Sandamu, me zai ɗauke ta? Nawa za ta biya? Wa zai rubuta allon da zai nuna mata hanya? Idan dare ya yi fa, ko damina ta cinye hanya?

Masana sufuri sun daɗe da lura cewa guntun ƙarshe na tafiya, daga tasha zuwa ƙofar gida, shi ya fi wahalar tsarawa, kuma a nan matafiyi ya fi asarar kuɗi da lokaci. Mutanen Benis sun duba ƙasarsu suka tsara zirga-zirgar da ta dace da ita, tun daga turakun da ke nuna hanya har zuwa jiniyar ambaliya. Masu yi wa Daura irin wannan tunani suna zaune yanzu a azuzuwan sakandare, suna ganin darasin lissafi da na labarin ƙasa kamar ba su da amfani.

Ga aikin gida. Ku ɗauka wani baƙo ya sauka a tashar motar Daura da akwati mai nauyi, bai taɓa zuwa ba, wayarsa ta mutu, yana son zuwa rijiyar Kusugu. Ku rubuta masa kwatance a layi goma: abin da zai hau, kuɗin da ya kamata ya biya, alamomin da zai gani a hanya, da abin da zai yi in ya ɓata. Sai ku ba wani ɗan ajinku da ba ɗan cikin gari ba ya karanta, ku ga ko zai gane. Ku aiko mana da wanda ya fi fita, tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga a wannan shafi.